Burodi Mai Miya Na Yaya Mamman

Ranar da Nasiru ya zo daga Yamai da wani kwali mai faɗi, ya buɗe shi a tsakar gida ya ce ƙannensa su zo su ci piza, ina zaune ina jin ku kuna ta dariya. Sai na ji ɗayarku, ba zan faɗi suna ba don ta san kanta, ta ce ai wannan ne abincin da ya sa Inna ta kori Kawu Mamman daga gida. Ban tanka ba a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ashe haka labarin ya iso gare ku. Ban ga laifinku ba, haka matan unguwa suka faɗa wa 'ya'yansu, su kuma suka faɗa muku. To gani ya kori ji. Ina gidan aka yi komai, kuma cikin waɗanda suka gani ni kaɗai na rage. Mahaifiyata, wadda kuke kira Inna kamar yadda muke kiranta, ba ta kori kowa ba. Abin da ya faru ya fi kora ciwo, shi zan rubuta muku tun ina da sauran ido.

Yaya Mamman shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin ɗan fari ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Kunya ce, kuma da ita ake auna 'yar mutunci. Ta Inna kuwa ta fi ta kowa, don uwarta Bafillata ce ta wajen Alela, a nono ta sha filako. Ana yaye Yaya aka kai shi Galmi wurin kakanmu na wajen uba, can ya tashi cikin garkar albasa. Baba dillalin albasa ne a nan Konni, shi ke haɗa manoma da masu manyan motocin da ke sauka kudu. Da Yaya ya fara tasawa sai ya bi wata mota zuwa Lome, motar ta dawo, shi bai dawo ba. Ina ƙarama lokacin, na tashi ina jin cewa ina da wa a bakin teku. Har Baba ya rasu bai zo ba, sai gaisuwa da turmin atamfa a hannun direbobi. Inna takan karɓi atamfar ta sa a ƙasan adaka. Ba ta taɓa tambayar direba ko mai saƙon yana lafiya ba. Ni take turawa zaure in tambaya, ita kuma ta tsaya bayan zana tana tsince waken da aka riga aka tsince.

Ya dawo ne shekarar da aka sake buɗe iyakar Najeriya, kasuwar Konni ta farfaɗo. Ni kuma na zo gida goyon ciki, cikin Nasiru, don haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Da hantsi ne, muna tsakar gida, sai muka ji sallama da wata murya da ba mu sani ba. Wani dogon mutum ya shigo, siriri, da riga da wando irin na mutanen kudu, furfura ta fara masa a gefen kai. Yana ganin Inna ya yar da jakarsa, ya nufe ta hannu a buɗe, ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta.

"Inna! Ni na, Mamman! Na dawo, Inna!"

Inna ta janye ƙafarta, ta ja mayafi ta kau da kai.

"Dije, ba baƙo ruwa," ta ce da ni, ta shige ɗaki.

Ni na ga ludayin da ke hannunta ya faɗi, na kuma ga ta bar tukunya a kan wuta, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi bayanta kawai ya gani. Ya daɗe a durƙushe kafin ya ɗago ya dube ni.

"Ba ta gane ni ba?"

"Ta gane ka mana, Yaya. Kunya ta. Ka mance kai a ɗan fari?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga baya ya ba ni labarin abin da ya saba gani a can: in ɗa ya dawo daga tafiya, ko da kamun kifi ya je, uwarsa ke fara fitowa da gudu, ta rungume shi, ta shafa masa hoda, ta yi ta kiran sunansa tana rawa a titi. Shekara da shekaru yana kallon wannan, yana ajiye nasa a zuciya. Mutumin da ya bar ƙasarsu tun bai mallaki hankalinsa ba, al'adar garin da ya girma ita ce tasa, ko Hausarsa ma ta zango ce, sai ka kasa kunne.

Sana'arsa kuwa, a wani gidan abinci ya yi rayuwarsa, daf da ruwa, inda ya ce in iska ta taso har gishiri kake ji a leɓe. Mai gidan wani tsohon Bature ne, ɗan wani garin masunta a bakin tekun ƙasarsu, kuma pizar garinsu yake yi. Ba irin wadda Nasiru ya kawo muku ba ce, mai cuku yana ja kamar danƙo. Ta mutanen bakin teku ba ta da cuku, ba ta da nama. Kwaɓin fulawa ne mai ɗan kauri, a shimfiɗa shi a faranti mai kusurwa huɗu. Sai albasa, tuli guda, a yanka ta siriri a zuba a mai, a rage wuta, a yi ta juyawa tun safe har ta narke ta yi zaƙi ba tare da ta ƙone ba. A malala ta a kan kwaɓin, a jera wasu 'yan ƙananan kifaye masu gishiri a gicciye kamar saƙar raga, a kowane ido a dasa baƙin zaitun guda. Yaya ya ce masunta ke tafiya da ita cikin jirgi, don ko ta huce ba ta lalacewa. Ya ce kuma duk albasar da ke shiga gidan nan tamu ce ta Galmi, shi ya sa kullum in yana yanka ta sai ya ga kamar yana gida. Abin da ya kawo mana ke nan daga Lome: gwangwanayen kifi, kwalaben zaitun, da wani tari da ya ce hayaƙin itace ne ya bar masa.

Bai huta ba ya sa aka kwaɓa ƙasa, ya gina tanderu a ƙofar gida, mai ƙoƙon kai irin na masu burodi, yana fuskantar hanyar tasha. Ranar da ya fara gashi unguwa ta cika da ƙamshi, ta kuma cika da surutu. Mutanen Konni ba su bar abu ya wuce ba suna. Kafin la'asar sun raɗa masa burodi mai miya. Wani ya ce a ina aka taɓa zuba miya tun tuwo bai nuna ba, wani ya ce kifin nan ko kyanwa sai ta nemi ruwa. Limamin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, da aka ce masa baƙin abin nan zaitun ne, sai ya ɗauke shi da yatsa biyu yana jujjuyawa, ya ce shekara nawa yana karanta sunansa bai taɓa ganinsa ba. Ya yi bisimilla ya tauna, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye, ya ce abin da Allah ya ambata ba a tofar da shi. Masu saye dai an samu: 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi, direbobin da suka san kudu, da Turawan nan da ke ratso hamada da tsofaffin motoci suna sayarwa. Waɗannan in sun gani har ihu suke yi. Ba za a ce ya yi arziki ba, amma sana'ar tana riƙe da shi.

Sai dai ba don su ya gina tanderun ba. Kullum farantin farko in ya fito, sai ya yanko tsakiya, inda ya fi laushi, don ya lura haƙoran Inna sun ƙare. Ya sa a kwano mai murfi, ya wanke hannu, ya kawo da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, ga na hwari."

Amsa ɗaya ce kullum, kuma ba shi ake ba ba.

"Dije, aje can. A ba yara."

Sai in karɓa in ɗora a kan randa a lungun ɗakin, shi kuma ya tashi ya koma bakin wuta. In na dawo na tarar da kwanon wayam, na ɗauka yaran maƙwabta ne. Matan unguwa suna gani, suka yanke nasu hukunci. Wata maƙwabciyarmu mai baki kamar reza ta ce ko ita ce ba za ta ci ba, ƙato da gemu ya ɗaura ƙyalle a ƙugu yana yankan albasa yana hawaye, aikin mata tsagwaronsa. Daga bakinta labarin da kuka ji ya fito, cewa Inna ƙyamar sana'arsa take yi. Maganar ta koma kunnen Yaya, kuma ya yarda da ita, don ta yi daidai da abin da idonsa ke gani. Na sha gaya masa kunya ce, ya ce kunya ba ta hana cin abinci.

Ana cikin haka na haihu. Yaya ya fi kowa murna, shi ke ɗaukar jaririn yana zagaya tsakar gida da shi yana masa waƙar mutanen Lome. Ni kuwa in na kuskura na ƙura wa yaron ido a gaban masu barka, sai in ji Inna ta maka mini mafici a cinya. Wata rana bayan wankan yamma na shiga ɗakinta neman kanwa, ban yi sallama ba. Na same ta a bayan ƙofa, zaune a ƙasa, kwanon Yaya a cinyarta. Tana gutsurar burodin kaɗan-kaɗan tana tsotsa, idonta a rufe. Kifin ta cire shi gefe, shi take ajiyewa na ƙarshe. Na tsaya baki buɗe, sai dariya ta kama ni.

"Inna, ashe ke a yaran?"

"Ruhe ƙohwa, marar kunya."

Na rufe, na zauna kusa da ita. Ta ci gaba da ci kamar ba ni nan. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Gishiri ya yi yawa ga kihin ga. Amma hannun wancan na da albarka. Tun ran da yaf fara ban bar ko guda ba."

"To ki hwaɗa mai mana, Inna. Shina can zuciyatai na ci mai wuta."

"Kada in ji ga bakin kowa. Kin ji ni?"

Na ji ta, amma ban bi ba, kuma har gobe ban yi nadama ba. Washegari na sami Yaya yana juya albasa, na kwashe duka na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi.

"Dije, kin girma. Kin iya lallashi."

"Wallahi, Yaya, da idona na gani."

"To in gaskiya ta, ta ci gabana. Loma guda."

"Ka san ba a yi."

"Ni ban san komi ba. Na tsuhwa ina ciyad da mutanen da ban san ubansu ba, su ci su lashe hannu su kira sunana. Uwad da ta haihe ni ɗai ta ba ta iya ci gabana?"

Na ce ya yi haƙuri ya bar ta ta ci a yadda take ci. Ban san abin da ya ƙudura ba. Ran nan da la'asar ɗakin Inna cike yake da mata 'yan barka daga Badagishiri, dangin Baba, har da maƙwabciyar nan mai baki. Yaya ya zo da kwanonsa kamar kullum ya durƙusa. Da aka ce a ba yara, bai tashi ba. Ya buɗe murfin ya tura kwanon cikin ɗaki, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Inna, Dije ta hwaɗa mini kina ci a ɓoye. Don Allah ki ci gabana yau, in gani da idona."

Sai wata ta ƙyalƙyale a cikin mayafi, wata ta bi ta. Ku ba za ku gane ba, amma da ya tuɓe mata zane a kasuwa da bai fi haka ba. Tsohuwa mai jikoki, a ce a gaban dangin miji tana laɓewa tana cin abin hannun ɗanta na fari. Na ga fuskar Inna ta canza. Ba ta ɗaga murya ba.

"A ɗauke."

Ni na ɗauke. Daga ranar kwanon in na ajiye a kan randa, nan yake kwana har tururuwa ta same shi. Ta daina ci a ɓoyen ma. Ni kuma ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, sai dai ta ajiye mini kunun kanwa ta wuce. Haushinsu duka biyu na ji, har yanzu in na tuna ina ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: taurin kai ɗaya ne Allah ya raba musu, ita ba za ta sauko ba, shi ba zai karɓi abin da ba a miƙa masa a fili ba. Ni ina tsakiya da ɗanyen jego ina kai gwauro ina kai mari.

Bai daina kawo kwanon ba. Gwangwanayen kifinsa suka ƙare, ya koma sayen ƙananan kifin madatsar ruwa yana yi musu gishiri da kansa. Zaitun ya ƙare, ya bar idanun ragar a buɗe. Damina ta shigo, itace ya jiƙe, hayaƙi ya yi yawa, tarinsa ya ƙaru. Sai ga Illo, wani direban albasa da ya san shi tun a Lome, ya zo da saƙon baki: tsohon Baturen ba shi da lafiya, yana roƙon Mamman ya koma ya riƙe masa wuta. Yaya ya kira ni bakin tanderu ya gaya mini.

"Ba ni son komawa, Dije. Na gaji da bakin tekun can. Nan nika son in mutu. In tac ce in zamna, na zamna. Kalma guda."

Da safe ya je ƙofar ɗakinta. Tana zaune ta ba ƙofa baya, tana kaɗi. Ya gaishe ta, ya faɗi saƙon da aka kawo, ya ce ya zo neman shawararta, in ta ce ya tafi zai tafi, in ta ce ya zauna zai zauna. Ina tsaye ina kallon mazarin yana juyawa. Sai mazarin ya tsaya, zaren ya tsinke, ta ƙulla shi. Na ce a raina yau kam za ta faɗa.

"Dije, ce mai namiji ba ya zama don uwa. Wanda yar riƙe ka da lahiya, ba ka ƙi shi da ciwo. Allah shi tsare hanya."

Ya ce amin, ya tashi. Yana fita na faɗa ɗakin, na manta da ladabi, na riƙe mata hannu.

"Inna, don girman Allah! Kalma guda yaka jira. Ki ce ya zamna!"

"In ce mi? In buɗe baki in ce ina son ɗana, awa 'yar yau? In ɗaure mai ƙahwa garin da aka mai dariya?"

"Shina ganin ba ki son shi."

Ta dube ni kamar na yi hauka.

"Wane ɗa na ba ya sanin uwatai? Ai ya sani."

Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe. Inna ba ta taɓa kawowa a ranta cewa bai sani ba. A wurinta duk kau da kan nan, duk shirun nan, magana ce a fili wadda kowane ɗa yake ji, don haka ita ta ji ta uwarta. Ba ta san cewa yaron da aka ɗauke daga gabanta tun yana tatata, ya girma a wata ƙasa, ba wanda ya koya masa jin wannan magana ba.

Kwanakin da suka rage ta yi su a gindin turmi. Ta daka masa dakuwa, ta daka yaji, ta yi garin kunu. Ta buɗe adaka ta fito da wani gwado mai kauri, wanda aka saƙa da zaren da ta kaɗa da hannunta, ta ce in ba shi ya riƙa rufe ƙirji saboda sanyin ruwa, in ce ni na ba shi. Na kai masa na ce daga Inna ne. Ya shafa gwadon, ya yi irin murmushin nan nasa.

"Na gode, Dije."

Na rantse masa, ya ce ya ji. Na san bai yarda ba. Mutum in ya riga ya saka abu a ransa, ko ka haɗiye Alƙur'ani gani yake tausayinsa kake ji. Ranar tafiya ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya yi sallama, aka amsa daga ciki. Ba ta fito ba. Na raka shi har mota da Nasiru a bayana, ya hau saman buhunan albasa, ya ɗaga mini hannu. Da na dawo ban sami Inna a ɗaki ba. Tana bayan gida wajen turken awaki, inda katanga ta tsage ana hango hanya, ta kafa ido a tsagar. Motar ta daɗe da ɓacewa. Da ta ji motsina sai ta sunkuya ta kama kunce igiyar akuyar da ba ta harɗe ba.

Tun daga ranar na fara kiran Nasiru da sunansa. Ina ɗaukarsa a gaban kowa, ina masa wasa, in ya faɗi ni ke ɗaga shi. Na sha suna a garin nan: marar kunya, 'yar zamani, wadda ta ga ɗa kamar ba a taɓa haihuwa ba. Dangin ubanku har ƙarata suka kai. Na toshe kunnena. Abin da ya ba ni mamaki, Inna da ke maka mini mafici ba ta ƙara ce mini uffan a kan wannan ba. Tanderun kuwa, in hadari ya taso sai ta ja tsofaffin zana ta lulluɓe shi, ta ce don kada awaki su hau su karye. Gaisuwa ta ci gaba da zuwa a bakin direbobi, ni na ci gaba da zuwa zaure ina tambaya.

Damina ta biyu ba ta kai ƙarshe ba, ina gidan Inna, Illo ya yi sallama a zaure da rana tsaka. Na fita na same shi ya cire hula ya riƙe a hannu, ban buƙaci ya yi magana ba. Ya ce tarin ne ya ci ƙarfinsa, aka kai shi asibiti, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Hausawan zango suka yi masa sutura, shi ma Illo da shi aka ɗauki makara. Na fashe da kuka. Daga bayan zana na ji Inna ta yi salati sau ɗaya, murya a daidai. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, wannan ma yana cikin dokar. Sai ta fara aiko ni da tambaya, alhali taku biyu ne tsakaninta da mutumin, yana jin ta tana jin sa.

"Dije, tambaye shi, an sami malami wurin wanka?"

Ya ce an samu.

"Tambaye shi, ya samu ya yi kalmar shahada?"

Ya ce ya yi, a kunnensa.

Na ɗauka ta gama. Can ta ce:

"Tambaye shi ko ya bar magana."

Illo ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya dube ni kamar yana neman in cece shi. Na ce ya faɗa, amana ce.

"Ya ce a gaida Dije da yaro. Kuma ya ce in na zo in durƙusa gaban Inna in roƙa mai gahwara. Ya ce ya yi tunani har ya gaji, bai gano abin da yay yi mata ba tun shina yaro da ta ƙi shi. Amma ko mine ne, don Allah ta yahe mai, kada shi kwanta da hushinta."

Sai na ji zanar ta motsa. Inna ta fito zaure, ba mayafi, ba takalmi, ita da ko mai tallan ruwa bai taɓa ganin kanta a buɗe ba. Ta tsaya a gaban Illo, ta yi masa magana da bakinta.

"Haka yac ce? Na ƙi shi?"

"Haka yac ce, Inna."

"Bai yi mini komi ba. Bai taɓa yi mini komi ba. Ni da nika ƙidayar motoci..."

Ta juyo ta kama ni da hannu biyu, ta girgiza ni, tana duban fuskata kamar ni ce mai motar da za ta koma.

"Dije, bai sani ba. Ashe bai sani ba. To wa za shi hwaɗa mai yanzu?"

Illo ya sa hularsa ya fita a hankali, ni kuma na cire mayafina na rufa mata a kai, don mutane sun fara shigowa.